Gyaran Gangar Abzinawa: Tarihin Ƙoramu Da Kifin Samon A Yammacin Amurka

GABATARWA

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan maƙala za mu waiwayi wani tarihi da ya auku nesa da mu, a gaɓar yammacin ƙasar Amurka, wato jihohin Kalifoniya da Oregon da Washinton da maƙwabciyarsu Aidaho. A can ne mutane suka shafe sama da shekara 100 suna lalata ƙananan ƙoramunsu, sa'an nan suka shafe wasu shekaru 40 da ɗoriya suna fafutikar mayar da su yadda suke, domin ceto wasu kifaye iri biyu da suka kama hanyar ƙarewa, wato samon da ɗan'uwansa sitilhed.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan tarihi shi ne, sau biyu aka cuci waɗannan ƙoramu. Cuta ta farko ta masu neman dukiya ce, wadda ba baƙuwa ba ce a ko'ina cikin duniya. Cuta ta biyu kuwa daga hannun masu kyakkyawar niyya ta fito, mutanen da suka zo gyara da ilminsu da kuɗin gwamnati, amma gyaran nasu ya zama irin na gangar Abzinawa. Yadda aka gano wannan kuskure, da yadda aka koma ana warware shi, shi ne ƙashin bayan bayaninmu.

KIFIN DA KE DA GIDA BIYU

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san halin kifin da ake magana a kansa. Samon na Tekun Fasifik iri biyar ne a wannan yanki, amma uku za mu riƙa ambata: shinuk, wanda ya fi kowanne girma, da koho, da sokayi. Dukkansu a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe su, su gangara teku su girma, sa'an nan su dawo ruwan da aka haife su domin su yi ƙwai, daga nan su mutu. Sitilhed, wanda ma'anar sunansa ita ce mai kan ƙarfe, shi ma haka yake yi, sai dai shi yana iya komawa teku bayan ya hayayyafa, ya sake dawowa wata shekarar.

Idan macen ta iso ƙoramarsu, takan kwanta a gefe guda ta riƙa bugun tsakuwa da wutsiyarta har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai dubbai a ciki, namiji ya ba su rai, ta rufe su da tsakuwa. Ƙwan nan yana numfashi ne da ruwan sanyi mai ratsawa tsakanin tsakuwar. Da zarar laka ko rairayi ya cike ƙofofin, shi ke nan, ƙwai ya mutu a maƙure. 'Ya'yan koho sukan yi shekara guda cur a ƙorama kafin su nufi teku, na sitilhed kuwa sukan yi shekara ɗaya zuwa uku. A tsawon wannan lokaci suna buƙatar gurbi mai zurfi da inuwa a lokacin zafi, domin idan ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai su shiga wahala, suna kuma buƙatar lungu mai kwanciyar ruwa da za su fake idan ambaliya ta zo.

Ta yaya kifin da ya yi yawon dubban kilomitoci a teku yake gane ƙoramarsa? A shekarar 1954 wani masani mai suna Arthur Hasler da ɗalibinsa suka kama koho a ƙoramar Issaquah ta jihar Washinton, suka toshe wa wasu hanci, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar ruwa suka sake su. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma gida, akasarin masu toshiya kuwa suka ruɗe. Ashe kowace ƙorama da ƙamshinta, kuma kowace da zuriyarta ta kifi da ta saba da sanyinta da lokacin cikarta. Saboda haka idan ƙorama ta mutu, zuriya ce guda ta tafi.

Ƙabilun 'yan asalin ƙasar sun daɗe da sanin darajar wannan kifi. Ƙabilar Yurok, alal misali, kan gina shingen itace a kogin Klamath a wani wuri da ake kira Kepel, su kama abin da zai ishe su cikin kwana 10, sa'an nan su rushe shingen domin sauran kifin ya wuce zuwa ƙoramun sama. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, kifi miliyan 10 zuwa 16 ne ke shiga kogin Kolumbiya kaɗai a kowace shekara.

ƁARNA TA FARKO

Farkon wanda aka taɓa ba kifin ba ne, wata dabba ce da Turawa ke kira biba. Siffarta kamar ta ƙaton gyazbi, mai faffaɗar wutsiya, sana'arta kuwa sare itatuwa da haƙori tana datse ƙoramu da su. Bayan kowace madatsa tata akwai tafki mai zurfi da sanyi, wanda ya zama makwancin 'ya'yan kifi. To a wancan zamani gashin biba ake yin hulunan ƙasaita da shi a Turai. A shekarun 1820 kamfanin Hudson's Bay na Ingila, a ƙarƙashin gwamnansa George Simpson, ya yanke shawarar ƙarar da biba ɗungurungum a yankin kogin Snake, domin kada mafarautan Amurka su ga abin da zai jawo su. Peter Skene Ogden ya jagoranci ayarin mafarauta daga 1824 zuwa 1830 suna aiwatar da wannan manufa. Da biba ta tafi, madatsunta suka ruɓe, tafkuna suka tsiyaye.

Sai kuma zinariya, wadda aka gano a Kalifoniya a 1848. Ba a jima ba masu haƙa suka koma amfani da manyan mesoshi suna feshe tsaunuka da ruwa mai ƙarfi, laka da duwatsu suna gangarowa suna binne ƙoramu da gonaki. Sai a 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zuba wannan tarkace a koguna, kuma manoma ne suka kai ƙarar, ba masu kishin kifi ba.

A 1864 'yan'uwa 'yan gidan Hume da abokinsu Andrew Hapgood suka kafa masana'antar kifin gwangwani ta farko a bakin kogin Sacramento. Bayan shekara biyu suka koma kogin Kolumbiya. Zuwa 1883 shinuk ɗin da aka kama a wannan kogi cikin shekara guda ya haura kilo miliyan 19.

Masu saran katako su ma sun ba da nasu kason. Da yake babu hanyoyin mota a dazuzzukan, sai su datse ƙaramar ƙorama da katako, su tara gumagumai a bayan madatsar, idan ruwa ya cika su ɓalle ta gaba ɗaya. Ruwa da gumagumai su taho a guje suna kankare tsakuwa da ƙwan da ke cikinta har sai an ga dutsen ƙasa. An ci gaba da wannan a Oregon da Washinton har zuwa shekarun 1950. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu katafila ta shigo daji, aka tsattsaga hanyoyi a gangaren tsaunuka, aka sare bishiyoyi har bakin ruwa. Da manyan ambaliyoyin 1955 da 1964 suka zo wa arewacin Kalifoniya, sai tsaunukan da aka tsiraita suka zabtaro, gurabe masu zurfi suka cike da rairayi.

A kan manyan koguna kuma aka gina madatsun lantarki: Elwha a 1913, Bonneville a 1938, da Grand Coulee a farkon shekarun 1940, wadda ba a yi wa kifi hanyar wucewa ba, ta raba shi da ƙoramun da ke samanta baki ɗaya.

MASU GYARA

Tun da wuri an lura kifi yana raguwa, kuma tun da wuri aka fara neman magani. A 1872 gwamnatin tarayya ta aika Livingston Stone ya kafa gidan ƙyanƙyasar kifi na farko a bakin kogin McCloud a Kalifoniya. Tunanin masanan lokacin shi ne, ƙorama almubazzara ce, cikin ƙwai dubu kaɗan ne ke rayuwa, amma a hannun ɗan Adam kusan duka za su ƙyanƙyashe. Wannan tunani ya yi wa kowa daɗi, domin kuwa ya nuna ana iya samun katako da zinariya da lantarki, a kuma samu kifi, ba tare da an hana kowa komai ba. Aka yi ta gina gidajen ƙyanƙyasa, ana ɗaukar ƙwan wannan kogi ana kaiwa wancan, ba tare da la'akari da cewa kowace zuriya da gidanta ba. A yau akasarin kifin da ke dawowa Kolumbiya ɗan gidan ƙyanƙyasa ne, kuma bincike ya nuna cewa idan ya cakuɗa da na daji yakan rage wa zuriyar ƙarfin hayayyafa.

Gyara na biyu ya fi wannan ban mamaki. A shekarun 1950 ma'aikatan hukumomin kifi suka ga ƙoramu cunkushe da rassa da ɓawon da masu saran katako suka bari, wasu wuraren har kifi ba ya iya wucewa. Wannan matsala ce ta gaskiya. To amma da aka fara kwashewa ba a tsaya a kan shara ba. Aka ɗauki 'yan kwangila da injunan yanka da katafiloli, aka bi ƙoramu ɗaya bayan ɗaya ana fitar da duk wani gungume, har da waɗanda suka shekara ɗaruruwa a kwance cikin ruwa. Har aka kai ana wajabta wa masu saran katako su share ƙorama tas kafin su tashi. A idon mutanen wancan lokaci, ƙorama mai kyau ita ce miƙaƙƙiya mai tsabta, wadda ruwanta ke wucewa babu abin da ya tare shi.

Irin wannan ido ne ya yi aiki a dajin Muir Woods kusa da birnin San Faransisko. A shekarun 1930 samarin da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arziki suka jera manyan duwatsu a gaɓoɓin ƙoramar Redwood domin hana zaizaya, aka kuma riƙa ɗauke duk bishiyar da ta faɗa ruwa. Aiki ya yi kyan gani, maziyarta suka yaba, koho kuwa ya yi ta raguwa.

Sai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 masu bincike, musamman a jihar Oregon, suka koma dazuzzukan da ba a taɓa sara ba suna auna ƙoramunsu. Suka tarar cike suke da gumagumai, kuma cike suke da kifi. Gungumen da ya gitta ruwa shi ke sa ruwa ya faɗo ya haƙa gurbi a ƙarƙashinsa, shi ke tare tsakuwa a samansa, shi ke karya ƙarfin ambaliya, a jikinsa ƙwarin da kifi ke ci suke hayayyafa, a ƙarƙashinsa kuma ɗan kifi ke ɓuya wa tsuntsu. Wato dai abin da aka kashe kuɗi ana kwashewa da sunan shara, shi ne ɗakin kwanan kifin da rumbunsa.

MUTANEN MATTOLE

Kogin Mattole ɗan ƙarami ne, tsawonsa kimanin kilomita 100, a wani lungu na arewacin Kalifoniya. Babu babbar madatsa a kansa, amma zuwa shekarun 1980 an riga an sare sama da kashi 90 cikin 100 na tsofaffin bishiyoyin kwarinsa. A 1980 wasu mazauna wurin, cikinsu har da David Simpson da marubuci Freeman House, suka kafa ƙungiyar ceto samon. Suka nemi izinin hukuma, suka riƙa tare shinuk na asalin kogin, suna tatsar ƙwansa suna ƙyanƙyashewa a akwatunan katako a bakin ƙorama, suna sakin 'ya'yan a ruwan iyayensu.

Ba su daɗe ba suka fahimci cewa akwati jinkirta mutuwa kawai yake yi, muddin laka na ci gaba da saukowa. Saboda haka suka ɗaga kai suka dubi tudu. A 1983 aka kafa majalisar farfaɗo da Mattole, mutane suka bi ƙoramu da ƙafa suna rubuta inda ƙasa ke zubowa, suka gano cewa tsofaffin hanyoyin masu katako na cikin manyan masu aiko da lakar. Aka shiga gyara hanyoyi da rufe waɗanda ba a bi, da dasa bishiyoyi. Wannan aiki ya tilasta wa tsofaffin makiyaya da baƙin da suka zo daga birane zama a inuwa ɗaya, alhali da can ba sa ga maciji da juna. Freeman House ya rubuta tarihin wannan gwagwarmaya a littafinsa Totem Salmon, wanda ya fito a 1999, kuma ga marubuci akwai abin lura a nan: sai da ya shekara kusan 20 cikin ruwa da taɓo kafin ya fitar da littafin.

Daga baya wata matsala ta ɓullo. A wannan yanki ruwan sama lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuwa rani ne, kuma a daidai lokacin ne gidaje ke zuƙar ruwan ƙorama da injin, 'ya'yan kifi su maƙale a kududdufai su mutu. Wata ƙungiya mai suna Sanctuary Forest ta fito da dabarar samar wa magidanta manyan tankuna su tara ruwa lokacin wadata, bisa sharaɗin ba za su taɓa ƙorama ba a watannin ƙarancin ruwa. Duk da wannan ɗawainiya, har yau koho ɗan kaɗan ne ke dawowa Mattole.

DOKA TA SHIGO

A 1991 masana uku, Willa Nehlsen da Jack Williams da James Lichatowich, suka wallafa wani ƙidayar da ya girgiza yankin. Sun lissafa zuriyoyi 214 na samon da danginsa da ke cikin haɗari, da wasu 106 da suka riga suka ƙare. A wannan shekara aka sa sokayi na kogin Snake cikin jerin halittun da dokar 1973 ta ba kariya. A 1992 kifi ɗaya tak, namiji, ya iso tafkin Redfish na Aidaho bayan tafiyar kusan kilomita 1,450 daga teku, ya tarar babu mace. An sa koho na tsakiyar gaɓar Kalifoniya a jerin a 1996, wasu rukunonin sitilhed suka biyo a 1997. Yanzu rukuni 28 ne ke ƙarƙashin wannan doka a gaɓar yamma.

Doka ta zo da sharuɗɗa, ta kuma zo da kuɗi. Tsarin dazuzzukan arewa maso yamma na 1994 ya keɓe gefen ƙoramu a dazuzzukan gwamnatin tarayya daga sara. A 1997 jihar Oregon, zamanin gwamna John Kitzhaber, ta ɗora aikin a kan majalisun mazauna kowane kwari. A 2000 majalisar tarayya ta kafa asusu na musamman domin farfaɗo da samon. Daga nan aka ga abin da magabata ba su taɓa zato ba: jirage masu saukar ungulu suna ɗauko gumagumai suna jefawa a ƙoramun da aka biya kuɗi aka share shekara 30 da suka wuce. A Muir Woods ma, daga 2019 aka fara tone wani sashe na duwatsun da aka jera a shekarun 1930, ana mayar da itatuwa cikin ruwa.

DAWOWAR BIBA

Ƙoramar Bridge, wadda ke zuba a kogin John Day a jihar Oregon, zaizaya ta mayar da ita kwazazzabo mai zurfi, ruwa na gudu a ƙasa, fadamar da ke gefe ta bushe. Akwai sauran biba a wurin, to amma duk madatsar da suka yi sai ambaliya ta yi awon gaba da ita, saboda ruwa ba shi da inda zai bazu. A 2009 masu bincike, cikinsu har da Michael Pollock na hukumar kula da teku ta Amurka, suka kafa turaku a jere a tsakiyar ƙoramar, suka saƙa rassa a jikinsu kamar yadda ake saƙa darni. Biba suka zo suka ɗora gininsu a kai. Laka ta taru a bayan madatsun, gindin ƙorama ya ɗago, ruwa ya koma fadama, ciyayi suka dawo.

Tsoron da aka daɗe ana yi shi ne madatsar biba za ta tare wa kifi hanya, har ma akwai lokacin da ake fasa irin waɗannan madatsu da sunan taimakon kifi. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna sitilhed na wucewa abinsa, yawan 'ya'yansa ya ƙaru da kashi 168 cikin 100, rayuwarsu kuma ta ƙaru da kashi 52 cikin 100, idan aka gwada da wata ƙorama ta kusa da ba a taɓa ba. Aikin da aka yi da turaku da rassa ya ba da abin da siminti bai bayar ba.

KWALBATI DA ALKAWARI

A 1854 da 1855 gwamna Isaac Stevens ya ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilun yankin Washinton. Sun sallama ƙasarsu, amma sun riƙe haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. Hukumomin jiha suka yi watsi da wannan alkawari na tsawon shekaru. Billy Frank ƙarami, ɗan ƙabilar Nisqually, yana da shekara 14 aka fara kama shi saboda su, kuma an kama shi sama da sau 50 a rayuwarsa. A 1974 alƙali George Boldt ya yanke hukuncin cewa rabin kifin da ya halatta a kama na ƙabilun ne.

To amma rabin babu, babu ne. A 2001 ƙabilu 21 suka koma kotu, wannan karo a kan kwalbati. Duk inda titi ya ƙetare ƙaramar ƙorama, akan cusa ta cikin bututu. Idan bututun ya matse, ruwa ya fita da gudun da kifi ba zai iya yi wa kishiya ba. Idan kuma bakinsa ya rataye sama da ruwa, kifi ya yi ta tsalle har ya gaji. Kwalbati guda yana iya raba kifi da kilomitoci masu yawa na tsakuwa mai kyau. A 2013 alƙali Ricardo Martinez ya umarci jihar ta gyara kwalbatocinta, ta buɗe kashi 90 cikin 100 na mazaunin da suka toshe kafin 2030. Jiha ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, inda a 2018 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin ya tabbata. Aikin na cin biliyoyin daloli, ana cire bututu ana gina gada, ana shimfiɗa wa ƙorama tsakuwarta a ƙarƙashi.

INDA GYARAN ƘORAMA YA TSAYA

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. A birnin Seattle an gyara ƙoramar Longfellow a shekarun 1990, koho ya dawo, mutane suka yi murna. Sai kuma aka riƙa ganin kifin bayan ruwan sama yana juyi a saman ruwa yana haki, cikin 'yan sa'o'i ya mutu, mata da ƙwansu a ciki. An shafe kusan shekara 20 ana neman dalili. A 2020 masana a Jami'ar Washinton suka gano cewa wani sinadari mai suna 6PPD, da ake sa wa tayar mota domin kada ta tsattsage, yana rikiɗa ya zama guba, ruwan sama ya wanko shi daga titi zuwa ƙorama. An kuma gano cewa idan aka bar ruwan titi ya tsiyaye ta cikin ƙasa da takin ganye kafin ya isa ƙorama, kifin yakan tsira.

Haka nan zafin teku da fari ba sa jin maganar mai gyaran ƙorama. An rufe kamun samon na kasuwa a tekun Kalifoniya a 2023 da 2024 da 2025 saboda ƙarancin kifi, masunta da dama suka rasa abin yi.

Duk da haka akwai abin ƙarfafa gwiwa. An rushe madatsu biyu na kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, kifi ya koma sama. A kogin Klamath, inda manyan kifaye sama da 30,000 suka mutu a 2002 saboda ƙarancin ruwa da zafi da cuta, ƙabilun Yurok da Karuk da abokan tafiyarsu sun yi ta matsa lamba har aka rushe madatsu huɗu, aka kammala a Oktoban 2024. A cikin wannan wata aka ga shinuk a ƙoramar Jenny ta Kalifoniya, da kuma ƙoramar Spencer ta Oregon, wadda ita rabon da a gan shi a cikinta an haura shekara 100. Babban kogi hanya ce kawai ya bi, ƙananan ƙoramu ya nufa.

KAMMALAWA

Idan muka tattara wannan tarihi za mu ga cewa mafarautan biba da masu zinariya da masu katako sun san abin da suke nema, ba su kuma ɓoye ba. Waɗanda suka fi ba mu abin tunani su ne masu gidan ƙyanƙyasa da masu share ƙoramu, domin su ceto suka zo yi, sai dai sun zo da siffar ƙorama a cikin kansu, ba su tsaya sun dubi ta gabansu ba. Gyaran da ya yi amfani ya fara ne lokacin da aka koma ana tambayar yadda ƙoramar take kafin a taɓa ta: mai karkata, mai gumagumai, mai inuwa, mai fadama, mai biba. Kuma kusan duk nasarar da muka ambata cire wani abu ne da mutum ya sa, ko mayar da wani abu da mutum ya cire.

Bishiyar da za ta yi girman da za ta faɗa ruwa ta haƙa gurbi tana buƙatar shekaru da yawa, don haka waɗanda suka dasa itatuwa a Mattole a shekarun 1980, jikokinsu ne za su ga cikar aikin. Kwalbatocin Washinton na da wa'adi zuwa 2030, ƙoramun Klamath kuma yanzu suka fara karɓar baƙinsu. Su ne wuraren da mai bin wannan tarihi zai zuba wa ido.